Frankfurt: Gidan da Na'ura Ke Faɗin Ciwonta da Bakinta

Duk wanda ya sauka Frankfurt, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne dogayen benayen bankuna da suka yi cirko-cirko kusa da kogin Main. Su na yi ta ɗaga kai ina kallo, har ɗan ƙanwata, wanda aiki ya zaunar da shi a garin, ya ce da ni, "Kawu, waɗannan kowa ya san su. Gobe in Allah ya kai mu zan kai ka gidajen da ba a ɗaukar hotonsu."

Washegari muka shiga jirgin ƙasan nan na cikin gari da ke raba titi da motoci, muka yi gabas ta wani dogon titi mai suna Hanauer Landstrasse. Muka wuce shagunan motoci da ofisoshi, sai ga wasu gine-gine jibga-jibga, ba taga, ba allon suna, sai shingen ƙarfe da kyamarori. A garinmu ko mai shayi sai ya rubuta sunansa a allo, ya haɗa da kirari. Nan kuwa gini ya ci fili iya ganinka, amma ba ya son a san abin da ke cikinsa. Cibiyoyin adana bayanai ne, inda dubban manyan kwamfutoci ke aiki dare da rana. A wannan gari aka kafa DE-CIX a 1995, mahaɗar da hanyoyin intanet na ƙasashe da dama suke gamuwa su miƙa wa juna saƙonni, kuma tana cikin mafi girma a duniya. Albarkacinta kamfanoni suka yi ta gina irin waɗannan gidaje, har wutar lantarkin da suke sha ta zarce wadda filin jirgin saman garin yake sha, duk da girmansa.

Shiga sai da izini. An aika sunana tun kafin in zo, aka duba fasfo, aka rataya mini kati, aka bi da ni ta wasu ƙofofi biyu waɗanda ta gaba ba ta buɗewa sai ta baya ta rufe. Da muka shiga ɗakin na'urorin, ƙugi ne ya fara tarbar mu, ƙugin dubban ƙananan fankoki da ke juyawa ba hutu. Baƙaƙen akwatunan ƙarfe ne a jere, kowanne ya fi mutum tsawo, kwamfutoci a cikinsu wata kan wata. Idan ka bi ta gabansu sanyi ya ratsa ka, idan ka zagaya ta baya iska mai ɗumi ta buso maka, domin ta gaba suke shaƙar sanyi su fitar da zafi ta baya. Iskar da ake so ta shiga cikinsu tana tsakanin digiri 18 ne zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos.

Na duba dama, na duba hagu, ban ga kowa ba. Na ɗaga murya don ya ji ni, na ce, "To ina masu tsaron su?"

Tambayar daga gida na taho da ita. A wurinmu duk injin da ake ji da shi yana da mai zama kusa da shi. Mai injin niƙa yana cikin hira zai miƙe zumbur, don ya ji sautin ya sauya. Mai kula da janareta yakan ɗora tafin hannu a jikinsa, ya shinshina iska, ya ce mai ya yi ƙasa. Da kunne da hanci da tafin hannu na san ana kiwon inji. Amma a wannan ɗaki ko wane irin kunne Allah ya ba ka, ba za ka iya tsamo fanka ɗaya da ta gaji daga cikin wannan ƙugi ba. Yaron ya yi murmushi, ya nuna mini sama da ɗan yatsa.

A bene na sama muka iske masu tsaron. Na shiga da tsammanin jiniya da jajayen fitilu da mutane suna kai-komo a guje, irin abin da ake nuna mana a fina-finai. Sai na tarar da 'yan mutane ƙalilan zaune gaban allunan kwamfuta, kowa da kofin gahawarsa, ɗakin tsit. A bango akwai wani babban allo inda duk wani gargaɗi yake bayyana, kuma layukan da ke kansa ba su cika yatsun hannu ba. Dubban na'urori a ƙasa, amma ƙorafinsu bai cika rabin allo ba. Wannan ya ɗaure mini kai fiye da ƙugin da na baro.

Ɗan ƙanwar tawa ya ja mini kujera. Ya ce, "Kawu, kowace kwamfuta da ka gani a ƙasa tana da wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinta, aikinta kawai ta sa ido a kan babbar." Wannan 'yar ƙaramar tana da hanyar sadarwarta daban, kuma ko an kashe babbar ita tana farke, muddin wayar wuta na jone. Ita ke auna zafin ƙwaƙwalwar kwamfutar, da saurin juyawar kowace fanka, da ƙarfin wutar da ke shiga, har ma takan san idan wani ya buɗe murfin akwatin. A 1998 ne kamfanonin Intel da HP da NEC da Dell suka haɗu suka fitar da ƙa'idar da ake kira IPMI, don a samu hanya ɗaya ta yin magana da ita. Dell na kiran tasa iDRAC, HP kuma ya raɗa wa tasa suna iLO. A 2015 kuma ƙungiyar DMTF, wadda ke tsara ƙa'idojin kula da na'urori tun 1992, ta fito da wata sabuwar hanya mai suna Redfish.

Kowane ma'auni an ja masa iyakoki. A tsarin IPMI ana iya ja har uku ta sama, uku ta ƙasa: iyakar da in an tsallake ta sai a lura, da wadda in an tsallake ta akwai haɗari, da wadda in an kai ta na'urar na gab da lalacewa. Ta ƙasan nan ta burge ni, domin ni zafi kawai na san ana tsoro. Ashe fankar da ta rage gudu da wutar da ta yi rauni su ma abin kai ƙara ne. Da zarar an tsallake iyaka, sai 'yar ƙaramar ta aika saƙo, sau da yawa ta wata tsohuwar hanya mai suna SNMP da ake amfani da ita tun 1988. Saƙonnin kuma suna taruwa ne a wata manhaja. Tsohuwar da ta yi suna ita ce Nagios, wadda Ethan Galstad ya fara a 1999. Jamusawa ma suna da hannu a wannan sana'a: a Nuremberg ake renon Icinga, wadda ta ɓalle daga Nagios a 2009, a Berlin kuma aka ƙirƙiro Prometheus a 2012, a kamfanin SoundCloud.

Muna cikin wannan bayani sai wani layi mai ruwan ɗorawa ya bayyana a allon bango. Ba ƙara, ba komai. Ni dai gabana ya faɗi, na gyara zama. Matar da ke shugabantar ma'aikatan wannan lokaci ta ɗaga kai ta duba, ta danna, ta ci gaba da abin da take yi. Yaron ya buɗe mini saƙon a allonsa, ya ce in karanta a hankali, shi zai fassara.

A nan ne tafiyar tawa ta biya kuɗinta. Saƙon gajere ne, amma an tsaga shi gida-gida, kowane gida da tambayar da yake amsawa. Gida na farko ya faɗi wanda ke magana: kwamfuta kaza, a akwati kaza, a layi kaza, kuma sashenta da ke ba ta wuta, na biyu daga cikin biyu. Gida na gaba ya faɗi lokaci, har da daƙiƙa. Na lura lokacin ya yi baya da sa'a biyu a kan agogon bango, na tambaya. Ashe na'urorin da agogon duniya na bai-ɗaya suke aiki, domin Jamus tana tura agogonta gaba da sa'a ɗaya a ƙarshen Maris, ta dawo da shi a ƙarshen Oktoba. A daren da ake dawo da shi, ƙarfe biyu da rabi sau biyu take zuwa. Mu da agogonmu ba ya motsi rani da damina, ban taɓa tunanin lokaci kansa zai iya rikita mai bincike ba.

Sai gidan irin matsalar. Iri biyar aka kasa su tun asali: ta sadarwa, ta raguwar ingancin aiki, ta kuskuren manhaja, ta kayan na'ura, da ta muhalli, wato zafi ko hayaƙi ko ruwa ko ƙofa a buɗe. Sai gidan dalilin da ake zato, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma an rubuta shi a matsayin zato, ba hukunci ba. Sai gidan da ke faɗin ko abin ƙaruwa yake yi, ko raguwa, ko yana nan yadda yake. Sai gidan abin da ya kamata a yi. Wannan tsari ya girmi yawancin ma'aikatan ɗakin. Hukumar sadarwa ta duniya da ke Geneva, ITU, ita ta fitar da shi a 1992 a ƙa'ida mai lamba X.733.

Abin da ya faru shi ne, ɗaya daga cikin sassa biyun da ke ba wata kwamfuta wuta ya mutu. Kowace da biyu take zuwa, kowane a jone da layin wuta daban, don in ɗaya ya tafi ɗayan ya riƙe. Kwamfutar na nan tana aikinta, ba wanda ya rasa komai. Zuciyata ta rabu biyu a kan wannan. Wani ɓangare ya ce a ruga a gyara yanzu-yanzu, tunda abu ya mutu. Wani ɓangaren, wanda ya saba da motar da fitilar gargaɗinta ta shekara a kunne tana kai mu inda za mu, ya ce tunda tana aiki, mene ne na damuwa? Mutanen ɗakin ba su bi ko ɗaya ba. Gidan da ya rage, na nauyin matsalar, shi ya raba gardama. An rubuta cewa ƙarama ce, ma'ana ba ta taɓa aikin kowa ba tukuna, amma a gyara kafin ta haifi babba. Aka buɗe takardar aiki, aka sa wa wani ma'aikaci ya sauya sashen kafin a tashi.

Wannan gida na nauyi shi ne zuciyar saƙon. A tsarin X.733 matakai shida ne. Akwai mai tsanani, wanda aiki ya riga ya tsaya, a tashi yanzu. Akwai babba, wanda aiki ya raunana sosai, a hanzarta. Akwai ƙarami, irin wanda muka gani. Akwai na jan kunne, wanda ba abin da ya faru tukuna amma alamu sun nuna yana tafe. Akwai na cewa an kasa tantance nauyin abin. Akwai kuma na cewa ya wuce. Wasu tsare-tsaren sun fi haka yawa ko ƙaranci: na syslog, wanda Eric Allman ya samar a shekarun 1980, takwas ne daga 0 zuwa 7, kuma 0 ne mafi muni, na Nagios huɗu ne kacal. Amma duk manufarsu ɗaya, wato kalma ɗaya ta gaya wa mai karatu ko ya ajiye kofinsa ya tashi, ko ya ƙarasa shan abinsa.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin ya taɓa wata ɗabi'a tamu da nake ƙauna. Idan za a aika wa mutumin nesa labarin rasuwa, ba a cika faɗa masa kai tsaye ba. Sai a ce, "Jikin Baba ya yi nauyi, ka zo gida," alhali wataƙila har an dawo daga makabarta. Majinyaci kuma in ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce, ko da ciwon na cinsa. Tausayi ne da haƙuri da tawakkali suka haifi wannan, kuma ni ma da shi aka rene ni. Sai dai nauyin gane gaskiyar ya koma kan mai ji. Mun ƙware wajen karanta murya, da lokacin da aka kira, da wanda aka sa ya kira. In ƙanin mahaifi ne ya bugo da asuba, mun san abin da ake nufi. Na'ura ba ta da muryar da za a karanta, wanda zai karɓi saƙonta kuma yana iya kasancewa mutum ne da aka tasa daga barci ƙarfe uku na dare, da dubban na'urori a wuyansa. Dole kalmar ta ɗauki nauyinta da kanta. Na'urar da ta ce da sauƙi alhali tana ƙonewa ta ci amana, haka ma wadda ta yi kururuwar gobara a kan fanka ɗaya da ta rage gudu.

Na tambayi shugabar, ta bakin yaron, me zai faru idan jan layi ya fito cikin dare wanda ke da alhakinsa bai gani ba. Ta nuna mini cewa kowane gargaɗi yana da mai shi, an rubuta sunan rukunin da zai ɗauka. Wayar wanda ke kan aiki za ta yi ƙara, kuma dole ya danna ya nuna ya karɓa. In 'yan mintoci suka wuce bai danna ba, saƙon ya haura zuwa na gaba da shi, in shi ma shiru, ya haura zuwa shugabansu. Ba a barin gargaɗi a tsakar gida kowa na ganin ai wani zai ɗauka. Sannan ba a ɗaukar magana ta ƙare sai na'urar da kanta ta sake aiko da saƙo cewa abin ya wuce. Wannan mataki na shida shi ne wanda muka fi sakaci da shi. Sau nawa ake tayar mana da hankali a waya cewa hanya kaza ba lafiya, ko wane yana asibiti, kowa ya tura wa kowa, amma ranar da hanya ta buɗe ko aka sallami majinyaci ba mai komawa ya sanar? Sai tsohon labari ya yi ta yawo har shekara ta zagayo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda ƙarfinsu ya fi tafiya. Ni a ganina, mai kula da kaya da gaske shi ne wanda ya fi yawan ƙararrawa. Su kuwa sukan zauna musamman su bi gargaɗin da aka samu, su tambayi kowanne: da ya zo, wani ya yi wani abu a kansa? In amsar a'a ce, kuma kullum a'a ce, sai a rage masa mataki ko a kashe shi gaba ɗaya. Suna da dalili, kuma an biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, ƙararrawa fiye da 100 ne suka tashi cikin mintocin farko na hatsarin, ma'aikata suka rasa wadda za su bi. A Yulin 1994, a matatar mai ta Milford Haven da ke yankin Wales na Birtaniya, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 a cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewar da ta jikkata mutum 26. Bayan wannan ne, a 1999, masana'antun Birtaniya suka fitar da jagorar da ake kira EEMUA 191, wadda ta nuna cewa a lokacin da komai ke tafiya daidai, bai kamata ma'aikaci ya riƙa samun fiye da ƙararrawa ɗaya a cikin minti 10 ba.

Don haka suka ƙirƙiro dabarun rage surutu. Idan zafi ya tsallake iyaka na ɗan ƙiftawar ido ya dawo, ba a kai ƙara. Sai ya daɗe a sama na wasu mintoci. Idan gargaɗi ya tashi a digiri kaza, ba ya sauka sai zafin ya yi ƙasa da wannan sosai, don kada ma'aunin da ke rawa a bakin iyaka ya yi ta kunnawa da kashewa. Idan na'urar da ke haɗa kwamfutoci da yawa ta mutu, duk waɗanda ke bayanta za su ɓace a lokaci ɗaya, sai manhajar ta danne kukansu ta nuna uwar matsalar kaɗai. Idan kuma za a yi gyara da gangan, sai a rubuta tun da wuri cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza wannan na'ura ta yi shiru. A nan na ga inda nasu tausayin yake. Ba sa sassauta labari, amma suna kiyaye barcin mutum. Ba a tashin ma'aikaci cikin dare sai a kan abin da ba zai jira safiya ba, kuma wanda in ya tashi akwai abin da hannunsa zai iya yi. Wanda aka tasa sau goma a banza, ranar ta sha ɗaya da gobarar gaske ta zo zai juya ne ya gyara bargo.

Sai na kalli allon nan mai 'yan layuka, na ce da yaron, "To ai ke nan in allo ya yi fes, sai a yi hamdala." Ya ce, "Kawu, wani lokaci shirun shi ya fi ba mu tsoro." A ranar 14 ga Agusta, 2003, manhajar ƙararrawa ta wani kamfanin lantarki a jihar Ohio ta Amurka ta tsaya cik da rana tsaka, ba tare da ta nuna ta tsaya ba. Fiye da sa'a guda ma'aikata na kallon allon da ba ya kawo sabon gargaɗi, alhali manyan layukan wuta na taɓa bishiyoyi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada sun shiga duhu. Saboda irin wannan, a ɗakin da nake akwai wani saƙo da aka sa ya riƙa fita a kai a kai, ba ya ɗauke da komai sai shaidar cewa manhajar gargaɗin na nan da rai. Wata na'ura a wani gini daban ita ke sauraron sa, ranar da bai zo ba ita za ta ta da mutane. Shiru ma magana ce, sai dai sun ƙi yarda su yi mata fassarar da ransu ke so.

Ba su kuma ɗauki ma'aunansu a matsayin masu sanin gaibu ba. Faifan ajiyar bayanai yana da nasa tsarin kai ƙara da ake kira SMART, mai ƙirga wuraren da suka lalace a jikinsa. A 2007 injiniyoyin Google suka fitar da binciken da suka yi a kan faifai sama da 100,000, suka gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna ko alama ɗaya ta wannan hanya ba. Shi ya sa duk da tarin ma'aunai, komai biyu-biyu suke ajiyewa: layin wuta biyu, batura, janaretoci, da kwafin bayanai a wani wuri. Wannan kuwa a ƙasar da matsakaicin ɗaukewar wutar da mai amfani da ita ke gani a shekara guda bai wuce minti 13 ba.

Na ɗauka abin ya tsaya a cikin wannan gini, sai wata Alhamis da hantsi, ina zaune a wani shagon burodi, ƙarfe 11 daidai wayata ta ɓarke da wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Ta mai shagon ma haka, ta kowa haka. Mutane suka duba, suka mayar aljihu. Ranar gwajin gargaɗi ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake yi ranar Alhamis ta biyu a watan Satumba. Saƙon ya faɗi hukumar da ta aiko, ya ce gwaji ne, ba haɗari. Bayan minti 45 aka sanar ta manhajar gargaɗi cewa an kammala. Gwajin farko da suka yi a 2020 bai tafi daidai ba, saƙon ya makara a wayoyi da yawa. A Yulin 2021 kuma ambaliya ta kashe mutum sama da 180 a yammacin ƙasar, fiye da 130 daga cikinsu a kwarin kogin Ahr, duk da cewa masana yanayi sun hango ruwan. Hasashe ya fita, amma bai isa ƙofar mutane da yawa a kan lokaci ba, da kalmomin da za su sa su bar gida. Bayan wannan ne suka kawo tsarin da ke tura saƙo kai tsaye zuwa duk wayar da ke yanki, wanda ya fara aiki a 2023.

Wannan ya nuna mini cewa ba wai an haife su da wannan tsari ba ne, asara ce ta koya musu, kuma har yanzu koyo suke yi. Mu ma muna da masu hango mana. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya, kuma wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ya san darajar sa'a guda ta gargaɗi. Abin da nake fata shi ne labarin da zai isa kunnen mai unguwa da limami da matan gida ya zo da gidajen nan na saƙon gargaɗi a cike: wace unguwa, wace rana, ruwan zai kai ina, ƙaruwa yake ko raguwa, a nufi ina, wa zai tabbatar kowa ya ji, kuma wa zai dawo ya ce an tsira. Wannan ba ya buƙatar gini mara taga ko kwamfuta dubu. Mai shela da lasifika a bayan babur zai iya, in an ba shi cikakken saƙo. Abin da ya gaza haka, ko an faɗe shi da wuri, bai fi ihu bayan hari amfani ba.

Ban bar ɗabi'armu a Frankfurt ba. Wanda ya zo gaishe ni a kan gado, "da sauƙi" zan ce masa, don addu'a ce da godiya, kuma na ga ba abin da zai maye gurbinta. Amma likita da bakanike da mai gyaran wuta, da duk wanda zai ɗauki mataki a kan maganata, suna da haƙƙin in gaya musu ina ne, tun yaushe, ya kai yaya, kuma gaba yake yi ko baya. Faɗin girman matsala daidai yadda take, ba ragi ba ƙari, shi ke ba mai ji damar yin abin da ya dace kafin lokaci ya ƙure, kuma wannan ma tausayi ne ko da bai yi daɗin ji ba.